Allon Gwaggo Amariya

A Gummi, in aka ce Sahura mai bidiyo, babu matar da za ta tambaya wace ce. Maza ne ba su san ta sosai ba, kuma hakan ya yi mata daidai. Ita ke ɗaukar hoton shagalin mata, kamu da wankan amarya da suna, duk inda ake tuɓe mayafi a taka rawa ba tare da an waiwaya ba. In ta ɗauka sai ta koma ɗakinta ta tace da kanta, ta tura wa mai biki a waya, ta goge wanda ya rage a hannunta.

Sana'ar ta samo asali ne daga wani abin kunya. Shekarun baya an ɗauki bidiyon kamun wata yarinya, aka kai shagon wasu samari su tace, kafin amarya ta tare duk majalisun gari sun haddace rawar uwarta. Magidanta suka fusata, suka hana ɗaukar hoto a gidajensu. Lokacin Sahura ta gama sakandare ke nan, ba ta da komai sai wata waya mai fasasshen gilashi da bakin da ba ya mutuwa. Ta bi gida gida tana rantsuwa cewa in ita ta ɗauka, idon namiji ba zai gani ba, ko da na ƙanenta ne. Aka gwada ta, aka ga ta riƙe alkawari, sai aiki ya yi ta zuwa har daga Anka da Bukkuyum.

Mahaifinta, Malam Muntari mai gyaran rediyo, ya rasu tana firamare. Yayan Innarta, Kawu Dalhatu, wanda Inna ke kira Alhaji, shi ya ɗauki nauyin gidan. A Anka yake zaune, yana sayen zinariya a hannun masu haƙa na Bagega, kuma Allah ya buɗa masa. Kuɗin makarantar Sahura, kayan Sallah, rufin ɗakin da iska ta kwashe wata damina, duk shi ne. Kawu ba mugu ba ne ko kaɗan, hannunsa a buɗe yake. Halinsa ɗaya, in ya ba ka abu yana son a hango shi daga nesa.

A dangin uba kuwa, wadda ta rage mai zuwa a kai a kai ita ce Gwaggo Amariya, yayar marigayi. Tana zaune a Nasarawa Burkullu, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da 'yan tumakinta a bayan ɗaki. Irin mutanen nan ce da in an taru a gidan biki sai ka same su a bakin ƙofa kusa da takalma. In tabarma ta yi kaɗan, ita ke fara tashi. Sahura ta girma tana ganin haka, kuma tun tana ƙarama abin ke ci mata rai, ba ta dai san wanda za ta yi wa faɗa a kai ba.

Da aka sa ranar aurenta da Lirwanu, wani mai haɗa sola a Bukkuyum da ta zaɓa da kanta, sai maganar kayan ɗaki ta taso. Nan Sahura ta jefa tata. Ta ce gado da katifa da tukwanen girki sun ishe ta. Kabet ɗin jera kwanonin da ba za a taɓa cin tuwo a cikinsu ba, da manyan kujerun da ake lulluɓe wa da leda har su tsufa, a bar su. Kwamfuta take so. Tsohuwar laftof ɗinta ta gaji, in ta ba ta bidiyon biki guda sai ta yi ta huci tun azahar har magariba, ta yi zafin da sai an ɗora ta a kan murfin randa. Kuma ba kwamfutar da ake ɗaukowa a haɗe take nufi ba. Sashe sashe za a sayo, ita ta haɗa da hannunta, babba, wadda za ta yi shekaru tana cinye aiki ba ta koka ba.

Inna ta yi salati, ta kuma. 'Yan uwa suka ce wane irin ɗakin amarya ne za a shiga a tarar da shago. Sahura ta yi kunnen uwar shegu da su. Lirwanu, da aka kai masa ƙara, cewa ya yi shi dai a gaya masa wutar da abin zai sha, ya san batiran da zai tanada. Da aka ga ango ba ya bayan kowa sai bayan amaryarsa, aka bar ta da taurin kanta, aka ce ai gadon uba ne.

Ta daɗe tana shirin. Duk lokacin da sabis ya yi kyau tana kan waya, tana kallon masu haɗa kwamfuta, tana mayar da bidiyo baya har sai ta gane. Abin da ta fara fahimta shi ne kayan kwamfuta ba a sayensu don kyau ko don tsada, sai don sun yarda da juna. Akwai furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan ƙaramin abu da bai kai kwalin ashana ba. Akwai madabod, faffaɗan allon da kowane sashe ke zama a kansa, wanda mutanen gidan suka taƙaita suna ce masa allo. Kamfanoni biyu ke ƙera irin furosesar da take so, ɗaya ana masa laƙabi da ja, ɗaya shuɗi, kuma kowanne da irin allonsa. Na ja ba ya shiga gurbin na shuɗi, na shuɗi ba ya shiga gurbin na ja, ko da za a yi shekara ana lallashi. Sahura ta zaɓi ja, wani samfuri mai ƙarfi da ba ya zuƙar wuta da yawa, don ta san da hasken rana za ta yi aiki, ta kuma san zafin bazarar ƙasar nan. A kan wannan zaɓin ta ɗora sauran. Ta auna tsawon katin hoto, sashen da ke sarrafa bidiyo, da tef ɗin telan unguwarsu don ta tabbata zai shiga akwatin kwamfutar. Ta duba tsayin fankar da ke sanyaya furosesa, kada murfi ya ƙi rufuwa. Ta zaɓi akwatin wuta mai rarar ƙarfi, da ram, wurin riƙe aikin da ake kan yi, irin wanda allon ke karɓa, da ma'ajiya mai sauri da za ta ɗauki bukukuwan kaka guda.

Sai ta yi dabarar da ta ɗauka ta fi kowace. Tunda al'ada ce kowane ɗan uwa ya kawo gudummawarsa ga kayan ɗaki, wannan ya ɗauki katifa, waccan ta ɗauki tukwane, ita sai ta raba musu sassan kwamfuta. Kowa ta tura masa hoton kwalin abinsa, ta roƙe shi don Allah kada ya canza ko harafi ɗaya. Katin hoto, da yake ya fi nauyi, ta ɗauka da abin da ta tara. Ƙannen Inna suka haɗu a kan ram da ma'ajiya. Kawu Dalhatu ta ba shi furosesa, don girmamawa, tunda ita ce ƙwaƙwalwa. Gwaggo Amariya ba a ma sa ta a lissafi ba, an san ƙarfinta. Ita ta aiko da kanta tana tambaya ina nata. Sahura ta ce mata ta sayo fanka guda kawai, Gwaggo ta ce ɗiyar Muntari ba ta yin aure sau biyu a idonta, a ba ta abu na kirki. Haka allo ya faɗa hannunta.

Raguna biyu Gwaggo ta sayar, waɗanda take kiwo don Babbar Sallah. Ta ba wani direba ɗan garinsu mai zuwa Kano kuɗin, da hoton a wayarsa. Da ya dawo da kwalin, ba ta sallame shi ba sai da ta zaunar da shi a zaure, ta ɗora wayar kusa da kwalin, ta bi rubutun da yatsa tana gwada siffar kowane harafi da ɗan uwansa, ita da ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Sannan ta naɗe shi a sabon zane, ta rungume shi a kan babur duk tsawon hanyar nan mai ramuka, ta kawo Gummi. Sahura ta duba, daidai yake, ko ɗigo bai kauce ba. Sai ta rungume tsohuwar, ƙamshin man gyaɗa ya cika mata hanci.

Kawu ya zo daga baya, da mota, da rakiya. Ya je Kano da kansa. Abin da ya faru a shagon shi ya ba da labari da bakinsa, yana dariya. Wai da aka ɗauko masa abin da ke cikin hoton, ya ga ɗan mitsitsi, sai kunya ta kama shi, ɗiyar ƙanwarsa guda za ta yi aure ya kawo abin da zai ɓace a aljihu. Ya tambayi mai shago ko akwai wanda ya fi wannan. Aka ce akwai. Ya ce a ba shi wanda babu na sama da shi a shagon. Ya ajiye kwalin a tsakar gida gaban mata, aka yi ta guɗa, ana sa masa albarka. Sahura ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗaga kwalin, ta duba. Shuɗi ne.

Bayan baƙi sun watse ta yi wa Inna bayani, ta ɗauko allon ta nuna mata gurbin, ta nuna hoton abin da Kawu ya kawo, ko siffarsu ba ɗaya ba ce. Inna ba ta san kwamfuta ba, amma ta san lissafin zumunci, nan take ta tambayi abin da ya kamata a tambaya: in aka bar na Alhaji, me da me za a sake? Sahura ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ram zai yi, katin hoto zai yi, ma'ajiya za ta yi, Lirwanu zai ƙara batir don wannan ya fi shan wuta. Abu ɗaya ne dole ya fita, allon.

"To ai magana ta ƙare," in ji Inna. "Kyautar Alhaji ba a maishe ta. Allon Amariya za a aje, a saida shi a hankali. Ita ba ta hushi. Ko ta yi, wa za ta hwaɗa ma?"

"Inna, Gwaggo abin da anka ce mata shi tas sawo. Kawu na yac canza."

Inna ta tuna mata makaranta, ta tuna mata rufin ɗaki, ta tuna mata cewa tun da aka binne ubanta ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba ƙuli-ƙuli ne ya ciyar da su ba. Duk gaskiya ne, Sahura ba ta musa ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne yadda kowa ya ga hanyar ta yi sauƙi. Ƙannen Inna suka zo, su ma bakinsu ɗaya. Har Lirwanu ya ce ta waya, cikin taka-tsantsan, wai ya ji an ce shuɗin ma yana da kyau wajen tace bidiyo. Ta ce masa ta sani, ta riga shi sani, ba shi ne zancen ba.

Wata ranar kasuwa ta sa hijabinta, ta saka kwalin a jaka, ta hau motar Anka, duk da Inna na cewa hanya ba ta da tabbas kwanakin nan. Ta sami Kawu a shagonsa, gaban ɗan ma'aunin zinariyarsa, yana sallamar wasu masu haƙa. Ta jira har suka fita. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ajiye kwalin a gefen dardumarsa, ta yi bayani a hankali, ta roƙe shi ya sa a musanya da wanda ke cikin hoton tunda ba a buɗe ba.

"Ni da nika sayen zinari za ki koya ma abu mai daraja?" Bai ɗaga murya ba, mamaki ma yake yi. "Wanda yah hi kowane tsada nis sawo maki."

"Ya hi tsada, Kawu, kuma shina da kyau. Shiga na ba shi yi."

"To a sake allon. Mi a allo? Gobe in aika Kano a kawo wanda ad daidai da nau."

"Allon Gwaggo Amariya tas sawo shi."

"Amariya mai ƙuli?"

Ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda babba ke yi ce in yaro ya kawo ƙarar abin da bai kai a tsaya a kai ba. Da ya yi faɗa, wataƙila da Sahura ta karaya, don tana ƙaunar mutumin nan, kuma tana jin nauyinsa fiye da na kowa a duniya. Dariyar ce ta ƙarasa ƙulle mata zuciya. Ta ce masa ta gode, Allah ya ƙara buɗi, amma allon nan shi za ta ɗaura. Ta tashi ta bar kwalin inda ta ajiye shi. 

Labari ya riga ta isa Gummi. Inna ta daina yi mata magana sai ta dole. Kawu bai musanya ba, bai kira ba. Sahura ta san abin da hakan ke nufi ga aikinta, za ta tare da kwamfuta mai gurbi a buɗe, wadda ko an danna ba za ta ce uffan ba, ta ci gaba da lallaɓa tsohuwar laftof har sai bukukuwan kaka sun ba ta abin sayen furosesar da kanta. Ta auna wannan, ta ga za ta iya.

Safiyar jere, ana fito da kaya tsakar gida za a loda zuwa Bukkuyum, mata sun cika ko'ina, sai ga motar Kawu a ƙofa. Ba shi ba ne, matarsa ce, Hajiya Zinatu, da kwalaye biyu. Ɗaya shuɗin nan ne da aka mayar. Ɗayan sabon allo ne, irin na shuɗi, kwalinsa ya fi na Gwaggo girma da sheƙi. Hajiya ta ajiye su, ta isar da saƙo gaban kowa, kanta a ƙasa don ba daɗin faɗa take ji ba. Alhaji ya ce ga shi ya cika, yanzu babu abin da bai dace da wani ba. Ya ce kuma in kayan nan suka koma masa karo na biyu, kada a neme shi wurin ɗaurin aure, kada a neme shi bayan nan.

Mata suka sauke ajiyar zuciya. Aka fara cewa alhamdulillahi, Alhaji ya kashe wutar, wane irin kawu ne wannan, Allah ya ba mu irinsa. Babu wadda ta kalli inda Gwaggo Amariya ke zaune. Ita da kanta ta taso, ta zo kusa da Sahura, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ɗiyata, ba ni abina in koma da shi. Direban nan shina iya saida mani. Ba ni so a ce ni ta nir raba ki da kawunki."

Tana faɗa tana murmushi, har tana miƙa hannu. Sahura ta dubi hannun, ta ji wani baƙin ciki ya taso mata tun daga ciki, don ta gane tsohuwar ba ta ma ɗauka an yi mata wani abu ba.

 Ta shiga ɗaki ta fito da akwatin kwamfutar, baƙi, mai gefen gilashi, ta kwantar da shi a kan tabarma tsakiyar mata. Ta kwance sabon zanen, ta buɗe kwalin, ta zaro allon daga ledarsa tana riƙe da gefe gefe.  Inna ta kira ta, irin kiran da ba a ambatar suna, ta ce ke, ki yi wa Allah. Sahura ta saita allon a kan 'yan ƙafafun da ke cikin akwatin har ramukan suka hau daidai, ta sa noti na farko a gurbinsa, sannan ta juya ta miƙa wa Gwaggo sukundireba.

"Ke za ki ɗaure shi, Gwaggo. Naki na."

Gwaggo ta ja da baya, ta ce hannunta da maiƙo, ta ce ba ta iya ba, za ta ɓata. Sahura ta riƙe hannun a miƙe, ba ta sauke ba. Tsohuwar ta dubi Inna, ta dubi Hajiya Zinatu, ta dubi kwalayen nan biyu masu sheƙi. Can ta goge tafukanta a zaninta, ta sake gogewa, ta durƙusa, ta karɓa. Ta murɗa a hankali da farko, sai kuma da ƙarfin mai matse ƙuli, har Sahura ta dafa ta ta ce ya isa haka.

Hajiya Zinatu ta tattara kwalayenta ta fita. Aka ji tashin motar, aka ji ta yi nisa. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa, kukanta na fitowa ta taga. Sahura ta san gobe za a ɗaura mata aure babu mutumin da ya riƙe ta tun tana firamare, ta san kuma ba lallai ya sake taka inda take ba. Hawaye suka zubo mata, ta kawar da kai don kada su ɗiga a kan allon, ta share da bakin hijabi. Sannan ta laluba cikin 'yar ledar, ta ɗauko wani notin.

"Da saura, Gwaggo," ta ce. "Ga na biyu."